Tseren Titi na Lokacin Hutu: Za Mu Iya Shiga Da Iyalina Gaba Ɗaya?

Tambaya: "Ana shirya tseren gudu a kan titi a lokacin hutun ƙarshen shekara. Akwai na kilomita 10, da na kilomita 5, da wani gajere na yara. Ina so mu shiga gidanmu gaba ɗaya: ni mai shekara 42, da maiɗakina, da 'yarmu mai shekara 14, da ɗanmu mai 9, da autarmu mai 5, har da mahaifina mai shekara 67 wanda ke shan maganin hawan jini. Babu wanda ya taɓa shiga tsere a cikinmu, kuma saura mako goma. Zai yiwu? Ta ina za mu fara?"

Amsa: Malam, zai yiwu ƙwarai, mako goma kuma ya isa. Amma tun kafin a je sayen takalmi ko a yi rajista, akwai magana ɗaya da nake so ku zauna a gida ku yanke: a ranar, wa zai yi tsere, wa kuma zai yi rakiya? Mutum ɗaya ba ya haɗa su biyun. Wanda ya ɗauki nauyin raka yaro ko dattijo, to ya cire ransa daga agogo, saurin wanda yake rakawa shi ne saurinsa, in ya tsaya ya tsaya, in ya ce a taka a taka. Wanda kuma yake so ya gwada ƙarfinsa, a sake shi ya tafi shi kaɗai, a haɗu a ƙarshe. Yawancin ɓacin ran da nake gani a irin wannan taro daga nan yake tasowa, ba daga nisan hanya ba.

Abin da ido ke gani ke nan a wajen kilomita na uku: uba riƙe da wuyan hannun ɗansa, yana duba agogo yana cewa "saura kaɗan, ɗaga ƙafa," yaron kuwa fuska ta yi jage-jage da hawaye da gumi, hannu ɗaya dafe da gefen ciki, lambar da aka liƙa masa a ƙirji ta karkace. Uban ba mugu ba ne. Ya fito da niyyar rakiya, da aka busa usur jama'a suka zabura, sai zuciyar tsere ta motsa masa. Yaron zai ƙarasa, za a rataya masa lambar yabo, amma baɗi in ka ambaci tsere sai ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni wannan ita ce hasarar da na fi jin tsoro, domin abin da ake nema shi ne yaro ya girma yana son motsa jiki.

Irin tseren da kake magana a kai dama don iyali aka gina shi, kuma ya daɗe a duniya. A birnin Buffalo na Amurka, tun 1896 ake yin tseren ranar bikin godiya, wanda ya fara da mutum shida kacal, yau kuma dubban mutane ke fita, nisansa kilomita 8. A Sao Paulo ta Barazil, ɗan jaridar nan Cásper Líbero ya kafa tseren São Silvestre a 1925, ana yin sa ranar 31 ga Disamba, yanzu kilomita 15 ne, kuma Paul Tergat na Kenya ya lashe shi sau biyar. Madrid na da nata na jajibirin sabuwar shekara tun 1964, Atlanta na da na ranar 4 ga Yuli tun 1970. A duk waɗannan, zakaru 'yan kaɗan ne a sahun gaba. Sauran taron mutane ne irinku, masu sassarfa da masu takawa, kaka da jika, waɗanda ba su damu da wa ya zo na ɗaya ba. Saboda haka kada wani a gidanka ya ji kunyar cewa shi ba ɗan wasa ba ne.

Ga yadda zan raba ku da ni ne mai horar da ku. Kai da Hajiya da 'yar budurwar da mai shekara 9, kilomita 5. Auta, gudun yara. Baba, takawa a kilomita 5 in likitansa ya amince, ko kuma gajeren zangon tare da auta. Kilomita 10 ku bar shi sai baɗi. Ba wai ba za ka iya lallaɓawa ka ƙare shi ba, amma wanda bai taɓa gudu ba ya fara da 10 cikin mako goma, sau da yawa ciwon ƙwauri ko na gwiwa ke tsayar da shi tun a mako na biyar, ya ƙare a matsayin ɗan kallo. Kilomita 5 kuwa, mai takawa da ƙarfi yana gama ta cikin minti 50 zuwa awa ɗaya, sabon mai gudu kuma tsakanin minti 30 zuwa 40. Wannan nisa ne da gida guda zai iya ɗauka ba tare da an wahalar da kowa ba.

Shirin kansa ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Akwai wani tsari da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya fitar a 1996 don waɗanda ba su taɓa gudu ba, hukumar lafiya ta Birtaniya ma ta rungume shi tana yaɗawa. Mako tara ne, fita uku a mako, da ranar hutu tsakanin kowace fita. A makon farko, bayan takawar ɗumama jiki ta minti biyar, sai a yi sassarfa ta daƙiƙa 60, a taka na daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Kowane mako ana ƙara tsawon sassarfar ana rage takawar, har a kai ga minti 30 ba tsayawa. Kuna da mako goma, ke nan akwai rarar mako guda, kuma za ku buƙace shi, domin wani zai yi mura, wani aiki zai riƙe shi, wani makon kuma zai yi nauyi har a so a maimaita shi.

Dalilin ranar hutun nan yana da muhimmanci, don mutane na raina ta. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin mako biyu zuwa uku za ka ji hakin ya ragu, ka ji kamar ka iya ninka abin da kake yi. Amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, irin su agara, ba sa sabawa da wannan saurin, watanni suke ɗauka. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku. To a daidai lokacin da numfashi ke ce maka "ƙara," ƙafa ba ta shirya ba tukuna, kuma nan ne sababbin masu gudu ke jin rauni. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne: in kuna gudu kai da Hajiya kuna iya hira da cikakkiyar jimla, daidai ne. In sai kalma ɗaya-ɗaya ke fita, kun yi sauri, ku rage.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa haɗa gudu da takawa gazawa ce. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koyar da wannan hanya, har masu gudun fanfalaki na kilomita 42 suna amfani da ita. Sirrinta shi ne a taka tun kafin a gaji, ba sai an galabaita ba. Ga iyali, ban san dabarar da ta fi ta ba. Minti biyu gudu, minti ɗaya takawa, tun daga farko har ƙarshe, sai ka ga mai shekara 9 ya iso layin ƙarshe da sauran ƙarfin da zai zabura a gaban 'yan kallo, wanda shi ne abin da zai riƙa ba da labari.

Bari in daɗe kaɗan a kan yaran, don kowannensu da nasa hali. Auta mai shekara 5 ba a yi mata "atisaye." Wasa ake yi da ita: a yi rige-rige zuwa waccan falwayar, a dawo a taka, a sake. Gudun yara galibi daga 'yan ɗaruruwan mita ne zuwa kilomita ɗaya ko biyu, kuma ya wadatar. Ƙungiyar parkrun, wadda Paul Sinton-Hewitt ya fara a Landan a 2004 da mutum 13, ta ware wa yara 'yan shekara 4 zuwa 14 gudun kilomita 2, a babban gudunta na kilomita 5 kuma ta sharɗanta cewa duk yaron da bai kai shekara 11 ba sai yana kusa da babba, inda hannu zai iya kai masa. Wannan ƙa'ida ce mai kyau ko da masu shirya naku tseren ba su sa ta ba. Abin da na fi tsoro ga ƙananan yara ba gajiya ba ce, turmutsutsun farawa ne. Da an ba da alama, manyan yara na baya sukan kwaso da gudu, ƙaramin da ke gaba ya yi tuntuɓe, a bi ta kansa. Ku tsayar da ita a baya kuma a gefe, ta bar guguwar ta wuce.

Mai shekara 9 shi ne wanda ya fi buƙatar ɗan rakiya mai natsuwa. Yaro a wannan shekarun bai san rabon ƙarfi ba. Zai fita kamar an harba shi, ya ƙone duk abin da yake da shi a mita 400 na farko, sannan suka ta kama shi a gefen ciki, ya fara tambayar "saura nawa?" Aikin mai rakiya a kilomita na farko shi ne riƙe shi, ba tura shi ba. Ka ce masa dokar ita ce ba ya wuce kafaɗarka sai an ga allon kilomita 4, daga nan hanya tasa ce. In sukar ta zo, a koma takawa, ya dafe wurin, ya riƙa jan numfashi mai zurfi yana fitarwa a hankali, tana lafawa cikin 'yan mintuna. Cin abinci mai nauyi ko kwankwaɗar abin sha mai zaƙi dab da gudu na ƙara jawo ta.

Akwai ciwo biyu na yara masu tasowa da ya kamata ka sani, don kada ka ɗauka ragwanci ne. Na farko ciwon dunduniya, wanda ke yawan kama 'yan shekara 8 zuwa 14, a inda agara ta manne da ƙashin da bai gama ƙwari ba. Yaro zai riƙa ɗingishi bayan gudu ko yana tafiya a kan yatsun ƙafa, in ka matse gefen dunduniyar da yatsu biyu sai ya janye ƙafa. Na biyu ciwo ne da ɗan kumburi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a kan tudun ƙashin ƙwauri, ya fi zuwa lokacin da yaro ke saurin tsawo. Dukansu suna warkewa, maganinsu rage gudu ne da hutawa, in ya ƙi lafawa a ga likita. Yaron da ke ɗingishi ba a ce masa ya daure.

Ita kuwa mai shekara 14, tambayar farko ita ce ko tana so. In tana so, ƙila ma ta fi ku duka sauri nan da mako shida, kuma a ba ta dama ta yi nata tseren, ko ta tafi da ƙawarta. In ba ta so ta yi gudu a gaban jama'a, kada a matsa mata, kada kuma a haɗa maganar da ƙiba ko rama, ko da wasa. 'Yan mata da yawa suna barin motsa jiki a daidai wannan shekarun saboda kalma ɗaya da aka faɗa a kan jikinsu. Tana iya zama mai raka auta, ko mai tafiya da kakanta, duka shiga ne. Hajiya ta kula mata da suturar da za ta sake a ciki, mara nauyi, mai barin iska ta ratsa, da rigar mama ta wasanni mai riƙewa sosai, don rashin ta na hana mata da yawa jin daɗin gudu kuma ba kasafai suke faɗa ba. In kuma ita ko Hajiya na yawan jin jiri da kasala da haki fiye da kima, a duba jini, ƙarancin sinadarin ƙarfe ya zama ruwan dare ga mata masu al'ada.

Sai Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Hawan jinin da ake sha wa magani kuma ya daidaita ba ya hana takawa, takawar ma na cikin abin da ke saukar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, har da dattawa, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Amma ya ga likitansa tun yanzu, ba ana jibi tsere ba, ya gaya masa ainihin abin da zai yi: tafiyar kilomita 5 da ɗan sauri, a cikin taro. Ya tambaya a kan irin maganin da yake sha. Akwai masu sa yawan fitsari, waɗanda ke rage ruwan jiki, akwai kuma masu rage bugun zuciya, waɗanda ke sa mutum saurin gajiya kuma su sa lissafin bugun zuciya na agogon hannu ya zama ba abin dogaro ba. Ranar tsere ya sha maganinsa yadda ya saba, kada ya tsallake. Kuma lallai babba guda ya tafi tare da shi, ba jika ƙarami kaɗai ba.

Alamomin da ke sa a tsaya nan take, ga Baba da kai kanka, su ne: nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, hakin da ya wuce aikin da ake yi, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice. Na ce har da kai ne da gangan, domin namiji mai shekara 40 da wani abu, wanda ya daɗe bai motsa ba, kuma yake so ya nuna wa 'ya'yansa cewa da sauransa, yana cikin waɗanda nake sa wa ido. In kana shan taba, ko kana da ciwon suga, ko wani na jininka ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, kai ma ka ga likita. Ba don in tsorata ka ba ne. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England ta wallafa a 2012 ya duba mutum miliyan 10.9 da suka yi gudun fanfalaki da rabinsa a Amurka daga 2000 zuwa 2010, aka samu 59 da zuciyarsu ta tsaya, mafi yawansu maza. Abu ne mai wuyar faruwa, a tseren da ya ninka naku sau huɗu zuwa takwas. Abin da binciken ya ƙara nunawa shi ne waɗanda na kusa da su suka fara danna musu ƙirji nan take sun fi tsira. Don haka ina so ko mutum ɗaya a gidanku ya koyi wannan: hannu biyu a tsakiyar ƙirji, dannawa mai zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira masu agaji.

In akwai mai asma a gidan, abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa, ba a jakar da aka bari a mota ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya tattauna da likita, ya riƙe wani abu mai zaƙi. Mai sikila sai da izinin likitansa, wanda kuma ke ɗauke da ƙwayarta kawai, wato AS, yana iya gudu, amma ya guji zabura da dukkan ƙarfi cikin zafi ba shiri, in ya ji ƙafafu sun saki ko tsoka na ciwo ba dalili ya tsaya. Duk wanda ya tashi da zazzaɓi, ko ya kwana yana gudawa ko amai, ba ya gudu a ranar, ko nawa aka biya na rajista. Gudu da zazzaɓi na iya taɓa tsokar zuciya. Kuma a daina al'adar haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen kafin tsere "don rigakafi," yana takura wa ƙoda a lokacin da jiki ke zubar da ruwa, yana kuma ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum.

Maganar ruwa ana yawan zuzuta ta. A kilomita 5, wanda ya sha ruwa daidai tun jiya, fitsarinsa ba ja ba, kurɓi ɗaya ko biyu a hanya ya ishe shi. A sha idan an ji ƙishi. Ɗura wa ciki ruwa fiye da kima ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini. A gudun fanfalaki na Boston na 2002, an gwada jinin mutum 488 da suka ƙare, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma babban dalili shi ne yawan sha. Zafi shi ne abin kula na gaskiya. In tseren zai faɗo a yanayin zafi, jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana motsawa a irin wannan yanayin kafin ya saba, don haka a makonni biyun ƙarshe ku riƙa fita a daidai lokacin da za a yi tseren. Wanda zafi ya buge, alamar da ta fi muni ita ce rikicewar hankali: yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko yana faɗa ba dalili, ko da kuwa yana gumi. A nan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, kuma abin yi shi ne a sanyaya shi nan take da ruwan sanyi da ƙanƙara a duk jiki, tun kafin motar asibiti ta iso. In kuwa sanyi ake yi, a sa kaya falle-falle da za a iya cirewa, a kuma tanadi busasshiyar riga ta sauyawa, musamman ga yara da Baba, don sanyi ya fi kama mutum bayan ya tsaya da jiƙaƙƙen kaya.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas mai laushin ƙasa, wanda ya bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin, don ƙafa na kumbura in ana gudu. A gwada shi da yamma, da safar da za a yi gudun da ita. Na yara a sake dubawa ana saura mako biyu, ƙafarsu ba ta jira. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmi, sabuwar safa, sabon abinci, duk ba ranar tsere ake gwada su ba. A yanke farce ana saura kwana biyu ko uku, a shafa man Vaseline a matsematsi da hammata da duk inda kaya ke goga.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ka yi wa masu shiryawa tambayoyi, amsarsu za ta nuna maka ko sun san aikinsu. Za a rufe titin gaba ɗaya, ko motoci za su riƙa wucewa a gefe? Har ƙarfe nawa za a riƙe shi a rufe, wato minti nawa aka ba na ƙarshe? Wannan ta shafi Baba kai tsaye, don ba na so a buɗe wa motoci hanya yana kilomita na huɗu. Akwai masu agajin gaggawa da motar ɗaukar marasa lafiya? Shekara nawa ne mafi ƙanƙanta a kowane zango? Gudun yara kafin na manya ne ko bayansa, ko lokaci ɗaya? In lokaci ɗaya ne, ke nan dole babba guda ya haƙura da nasa. Da titin da ba a rufe ba kuma babu masu tsare mahaɗa, gara ku nemi wani tseren, ni ba zan kai yaro ba.

Ranar kanta, ku isa da awa ɗaya a hannu, don layin banɗaki kaɗai na iya cin minti 20. A ci abu mara nauyi da aka saba da shi awa biyu zuwa uku kafin farawa. Lambar kowa a gaban riga, da fil huɗu, a bayanta kuma a rubuta sunan mai ita, da lambar wayar babba, da duk wani ciwo ko magani. Kada a yi musayar lamba, ko tsakanin miji da mata, domin in wani ya faɗi, bayanin da ke kan lambar shi masu agaji za su bi. Ku zaɓi wurin haɗuwa guda wanda ba ya motsi kuma yaro zai gane, ku kai su su gan shi da idonsu, ku ce duk wanda ya ɓace ya je wurin mai rigar ma'aikata ya nuna bayan lambarsa. Waya ba abin dogaro ba ce a cikin taro mai yawa.

Ku tsaya a sahun baya. In lambobin na da ɗan na'urar da ke ɗaukar lokaci, lissafinku zai fara ne daga sa'ad da kuka taka shimfiɗar layin farawa, ba daga busa usur ba, don haka ba ku yi hasarar komai ba. Kada ku jeru ku huɗu ku tare hanya, biyu-biyu ya isa. Mai son komawa takawa ya ɗaga hannu, ya waiga, ya raɓa gefe. A wurin ba da ruwa, a karɓa a wuce gaba kaɗan kafin a tsaya, a kula da santsin kofunan da aka zubar. Abin sauraren kiɗa a kunne, mai rakiya ya bar shi a gida.

Da an tsallaka layin ƙarshe, kada a tsaya cak, kada a zube a ƙasa. Lokacin gudu tsokar ƙafa ce ke taimakawa wajen tura jini sama, in an tsaya farat ɗaya sai jinin ya taru a ƙafafu, kai ya yi fayau, mutum ya ga duhu-duhu. Shi ya sa mafi yawan masu faɗuwa bayan layi suke faɗuwa, kuma mai shan maganin hawan jini yana cikin waɗanda suka fi fuskantar haka. A ci gaba da takawa na minti biyar zuwa goma. Wanda jiri ya kama, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, yawanci yana dawowa daidai cikin ɗan lokaci. Wanda ya faɗi tun yana cikin gudu kuwa, ko bai farfaɗo da wuri ba, wannan na masu agaji ne ba ɓata lokaci.

In kai ne ka riga isowa, ka sha ruwa, ka koma gefen hanya a bayan shinge ka jira sauran, ka kira sunan kowa da ƙarfi idan ya ɓullo. Tambayar farko ga yaro kada ta zama "na nawa ka zo?" Ka tambaye shi me ya gani a hanya, ina ne ya fi wuya, wa ya wuce. Washegari da jibi cinyoyi za su yi tsami, sauka daga matakala ta yi wuya, wannan ciwon yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya tafi da kansa, 'yar takawa ta fi kwanciya saurin sake shi. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko gaɓar da ta kumbura, ko ɗingishin da ya wuce kwana uku, shi ne na kai wa likita.

Abin da za ku yi a wannan makon guda uku ne: Baba ya je asibiti, kai ka kira masu shirya tseren da tambayoyin nan, sannan ku fita fitar farko, ta minti 20 da ɗumama jiki, a wuri mai shimfiɗe da babu motoci. A fitar farkon, bari mai shekara 9 ya riƙe agogo yana kiran "gudu" da "taka." Zai riƙe lissafin fiye da ku duka, kuma jibi shi zai tashe ku.